Tsamiya a Cikin Kasko: Renon Ƙaramar Bishiya a Tsohon Birnin Kano

Cediyar 'Yan Gurasa, Durumin Iya, Durumin Zungura, Rimin Kira. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ya san waɗannan sunaye tun kafin a sa shi makarantar allo, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya lura cewa sunayen itatuwa ne ba. Mutanen da suka kafa unguwannin nan da bishiya suke kwatance. A gindinta dattawa ke zama, a nan malam ke shimfiɗa buzu, a nan fatake ke sauke kaya. Ita kanta Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sunan kurmin itatuwan bakin Jakara ta ɗauka.

Yau in ka ratsa lungunan nan da rana tsaka a watan Afrilu, sai ka yi tafiya mai nisa kana raɓe-raɓe a jikin katanga kafin ka samu inuwar ganye. Gidan da kakanni suka bari da fili da rijiya da bishiya an raba shi gado, an sake rabawa. Tsakar gida ta koma ɗaki, ɗaki ya hau kan ɗaki. A wurare da dama suna ne kaɗai ya rage.

Cikin wannan matsi ne wasu matasa suka fara ganin wani abu a wayoyinsu yana ba su sha'awa: bishiya cikakkiya, da gindi da rassa da kamannin tsufa, amma tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, tana zaune a wani ɗan faranti. Sunan wannan sana'a bonsai. Hoton da ya fi yawo kuwa shi ne na itacen mapul na ƙasar Japan, mai ganye ja wur kamar an tsoma shi a jan galura. Tambayar farko da mai sha'awa ke yi ita ce a ina zai samu irinsa. Amsata gare shi ita ce kada ya wahalar da kansa wajen nema. Abin da yake bukata yana cikin ƙwaryar da aka jiƙa tsamiyar kunu a gidansu.

Asalin abin

Kalmar bonsai ta Japananci ce, ma'anarta shuka a faranti. Amma ba a Japan aka faro ba. Mutanen ƙasar Sin ne suka riga, suna kiran tasu sana'ar penjing, kuma akwai zanen bango a kabarin wani yarima mai suna Zhanghuai, na shekarar 706, da ke nuna hadimai ɗauke da ƙananan shuke-shuke a faranti. Wato kusan shekara ɗari uku kafin Bagauda ya zo Kano a 999. Daga Sin abin ya tsallaka Japan, inda aka tace shi, aka yi masa ƙa'idoji, ya zama gadon gida kamar yadda rini yake a Ƙofar Mata. Turai ta gan shi da kyau a manyan bukukuwan baje koli na birnin Faris a 1878 da 1889 da 1900. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Tokiyo a 1923, masu wannan sana'a suka ƙaura zuwa Omiya suka kafa unguwa tasu a 1925, kuma a can aka buɗe gidan tarihin bonsai a 2010.

Akwai wata bishiya guda da labarinta ya isa ya nuna nauyin abin. Wani itace ne daga dangin da Turawa ke kira fain, wanda aka fara renonsa a kasko a 1625, lokacin Kutumbi yana sarautar Kano. Zuriyar gidan Yamaki ce ta riƙe shi a Hiroshima, uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika. Ranar 6 ga Agusta 1945 da bam ya faɗa wa birnin, itacen yana bayan katangar gidansu, kimanin kilomita 3 daga inda abin ya fashe, kuma ya tsira. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi kyauta ga Amurka, yana nan da ransa a lambun ƙasa na birnin Washinton. Shekara ɗari huɗu ke nan ba a samu ranar da kowa ya manta da shi har ya bushe ba. Ni wannan ya fi ba ni mamaki fiye da tsirarsa daga bam.

Kuskuren da ya kamata a kawar tun farko shi ne zaton cewa bonsai wani iri ne na musamman. Babu wani abu wai shi irin bonsai, ko da an gan shi cikin leda mai hoto ana tallansa a intanet. Bishiya ce kamar kowace. In ka cire ta daga kasko ka dasa a gona, za ta miƙe ta kamo 'yan'uwanta. Abin da ke riƙe ta a ƙanƙance abu uku ne: ƙarancin wurin da saiwa za ta bi, yawan datse rassa, da rage saiwar lokaci zuwa lokaci. Ba yunwa ake gana mata ba, ba kuma ƙishirwa ba. Wadda ake reno da kyau ta fi ta bakin titi samun ruwa da taki da kulawa.

Abin da ya sa mapul ba zai zauna a Kano ba

Mapul na Japan, wanda su ke kira momiji, ɗan ƙasar sanyi ne. Ganyensa kamar tafin hannu yake, da yatsu biyar ko bakwai, sirara kamar takarda. Wani ɗan'uwansa ne ke jikin tutar Kanada. Jan da ke burge mutane ba kullum yake haka ba ga yawancinsu: idan kaka ta yi a can, yini ya gajarce, dare ya yi sanyi, sai itacen ya janye korensa, jan ya bayyana, daga nan ganyen ya zube. Sai ya kwanta barcin hunturu. Idanun tohonsa ba sa farkawa yadda ya kamata sai sun sha makonni masu yawa cikin sanyin da ke ƙasa da digiri 7.

To, hunturun Kano, duk da yadda yake sa mu ƙudundune da bargo da jin ɗumi a bakin murhu, da wuya darensa ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma da rana ta ɗaga sai zafi ya komo. Itacen ba zai samu barcin ba. Zai yi ta cin abincin da ya tara a jikinsa yana ramewa, shekara ɗaya ko biyu ya tafi. Kafin nan ma bazara na jiransa. A Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, iska ba laima, ganye mai laushin takarda kuwa sai ya ƙone daga gefe kamar an kara masa ashana. A wasu ƙasashe masu zafi akwai masu sa shi a firji wata biyu ko uku don su yi masa hunturun ƙarya. Wanda ke da wutar da za ta riƙe firji tsawon wannan lokaci ba ƙyaftawa, ina ganin akwai abin da ya fi dacewa ya yi da ita.

Abin lura shi ne mutanen Japan ba su je wata ƙasa neman mapul ba. Itacen bayan gidansu ne. Abin da suke gani a kan duwatsunsu shi suka ƙanƙantar suka sa a faranti. Masu sana'ar a Afirka ta Kudu sun gane haka, suka koma wa itatuwan dajinsu, har suka fitar da salo nasu: salon kuka, da salon itace mai shimfiɗaɗɗen kai kamar laima, wanda suka sa wa sunan mai zanen nan Pierneef. A Indiya da Indonesiya da Filifin tsamiya na cikin itatuwan da ake ji da su a wannan fage, alhali asalin tsamiya nan Afirka ne. Wanda yake so ya kwaikwayi mutumin Japan da gaske, sai ya waiga ya dubi abin da ke tsirowa a ƙofar gidansa.

Namu na gida

Tsamiya ce ta fi kusa da cike gurbin mapul. Ganyenta ƙanana ne tun asali, don haka ba ta yin kama da yaro sanye da rigar babansa in an sa ta a kasko. Tohonta sabo yana fitowa da ɗan ja-ja kafin ya koma kore. Da magariba ganyen kan rufe bibbiyu, da safe su buɗe. Ɓawonta yana tsattsagewa da shekaru, ya ba ta kamannin tsufa. Tana jure zafi, tana jure aski, kuma irinta kyauta ne. Aibinta ɗaya: ba ta da sauri. Gindinta sai a hankali yake kauri.

Mai gaggawa sai ya nemi dangin ɓaure: cediya, durumi, gamji. Cediya ce ta fi sauƙi a cikinsu. Kakanninmu ma ba da iri suke shuka ta ba, reshe suke sara su kafa a ƙasa da damina ya kama. Haka za ka yi: reshe mai kaurin babban yatsa ko fiye, ka kafa a yashi mai laima a inuwa, cikin 'yan makonni ya yi saiwa. Ka fara ke nan da gindin da tsamiya za ta yi shekaru kafin ta kai. Cediya tana yafe kuskure. In ka yanke ta fiye da kima za ta sake toho, in ka manta da ita kwana ɗaya ba za ta yi fushi ba. Ga kuma jijiyoyin da take saukowa da su daga rassa, waɗanda ke ƙara mata kwarjini. Durumi da gamji ganyensu manya ne, suna bukatar a bar su su ɗan fi girma kafin su yi fasali.

Tsohon birni yana da wata baiwa a nan. Tsuntsaye da jemagu suna cin 'ya'yan waɗannan itatuwa su kasayar da irin a tsagar katanga, a bakin indararo, a saman tsohon soro. Sai ka ga ɗan tsiro ya maƙale a wurin shekara da shekaru, gindinsa ya murɗe ya kumbura saboda wahala. Mai gida dole ne ya cire shi, domin saiwarsa tana tsaga gini. Maimakon a fizge a jefar a kwata, a nemi izinin mai katanga a ciro shi a hankali da farkon damina. Irin wannan murɗaɗɗen tsiro shi ne abin da masu sana'ar a Japan ke hawa duwatsu nema. Ban da taɓa badala, ko tone ƙananan itatuwa a daji da gonakin mutane. Abin da ya rage mana a can bai kai a rage shi ba.

Kuka ita ma tana zama a kasko, har ta yi wannan tumbi nata, sai dai tana da sharaɗi da za mu zo kansa. Irinta yana da taurin ɓawo, sai an ɗan goga shi a dutse ko an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin ya tsiro da wuri. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ja da fari, wadda masu lambu a Tailan suka mayar hajar kasuwa, ita ma tamu ce. Amma ruwan jikinta guba ne, da shi ake dafin kibiya a wasu wurare, saboda haka gidan da ke da ƙananan yara a nisanta ta. Magarya da kurna da bagaruwa suna yin kyau in mutum zai jure ƙaya. Darbejiya, duk da ta cika gari, ban ba mai koyo shawararta ba: ganyenta dogo ne, ba ya ƙanƙancewa yadda ake so.

Na san akwai gidajen da in aka ce za a shigo da tsamiya ko kuka, tsofaffi za su ce a'a, saboda abin da aka daɗe ana faɗa game da mazauna cikinsu. Ba abin jayayya ba ne da iyaye. Cediya da durumi suna nan, kuma su ne ma itatuwan ƙofar gida tun asali.

Shekarun farko: kada a yi saurin sa ta a faranti

Ga inda yawancin masu koyo ke faɗuwa. Mutum ya samu ɗan tsiro mai kaurin tsinken tsintsiya, sai ya ɗauko ɗan kasko mai kyau ya sa shi, yana jiran ya zama abin da ya gani a hoto. Zai shekara goma yana kallon tsinke. Bishiya ba ta yin kauri sai da ganye mai yawa da saiwa mai yalwa, ƙaramin kasko kuwa aikinsa hana waɗannan biyun. Kaskon ado shi ne mataki na ƙarshe. Gindi ake fara ginawa.

A ɗauki 'ya'yan tsamiya da ba a tafasa ba, a jiƙa su kwana ɗaya, a binne su zurfin gaɓar yatsa a ƙasa mai yashi. Cikin mako ɗaya ko biyu za su fito. A shuka goma ko fiye, domin wasu za su mutu, wasu ba za su yi fasali ba, kuma hannu ba ya ƙwarewa a kan bishiya ɗaya. Idan tsiron ya yi wata biyu ko uku, a zare shi a hankali. Za a ga uwar saiwa doguwa ta nufi ƙasa kai tsaye. Wannan ita ce dabarar itatuwan ƙasarmu ta neman ruwa a rani, amma a kasko ba ta da amfani. A datse ta da reza mai tsabta, a bar ƙananan saiwoyin gefe. Daga nan a dasa a mazubi mai faɗi: rabin jarka, tsohon bokitin fenti, ko bahon roba irin na Ƙofar Wambai, a hudhuda ƙasansa sosai. A sa guntun tayil ko fasasshen kasko a ƙarƙashin gindin, don saiwoyin su bazu gefe-gefe kamar yatsun kaza maimakon su nutsa. Wannan bazuwar saiwa a fuskar ƙasa ita ce ke sa ƙaramar bishiya ta yi kama da wadda ta daɗe a tsaye, kuma in ba a yi ta da wuri ba, gyaranta yana da wuya.

Sai a ƙyale ta. Damina biyu ko uku ta yi ta girma son ranta, ko da ta kai ƙirjin mutum, ko da ta yi muni. Har reshen da ka san ba za ka bar shi ba, in yana can ƙasa kusa da gindi, bar shi ya yi tsawo, domin abincin da yake kawowa yana kumbura abin da ke ƙarƙashinsa. Daga baya a cire shi. Idan gindin ya kai kaurin da ake so, sai a yi abin da ke ba mai koyo tsoro: a sare ta can ƙasa, a bar kamar santimita 15 ko 20. A farkon damina ake yin wannan, lokacin da take da ƙarfi. Toho zai fito ta ko'ina. A zaɓi ɗaya ya zama sabon kai, shi ma a bar shi ya yi kauri a sake datse shi a sama. Da haka ake samun gindi mai faɗi a ƙasa yana sirancewa zuwa sama, da ɗan karkace irin na tsohuwar bishiya.

Dalilin da ya sa wannan ke aiki yana da sauƙin ganewa. Kan kowane reshe yana fitar da wani sinadari da ke danne idanun tohon da ke bayansa, ya hana su buɗewa. Da an cire kan, dannewar ta kau, sai biyu ko uku su fito a madadin ɗaya. Manomin da ke karya kan rama ko zogale don ya yi rassa ya san wannan tun ba yau ba. A bishiyar kasko ana maimaita shi ne kawai: reshe ya yi ganye shida ko takwas, a mayar da shi biyu. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Da rassa suka yawaita suna raba abinci ɗaya, sai ganyen ya riƙa fitowa ƙanana. Fure da 'ya'ya kam ba sa raguwa. In tsamiyar kasko ta haihu, kwafsarta irin ta kasuwa ce.

Ƙasa da ruwa

Bishiyar kasko ta fi mutuwa ta ƙasa fiye da ta sama. Jar ƙasar da muke gini da ita, ko baƙar lakar bakin kududdufi, in aka zuba ta a kasko sai ta dunƙule kamar tubali. Da rani ruwa ya bi gefe ya wuce bai shiga ba, a Agusta kuma ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, domin saiwa ma numfashi take yi. Na yi asarar tsirona na farko ta wannan hanya. Ganye ya yi rawaya, na zaci ƙishirwa ce na ƙara ruwa, ashe nutsewa yake yi. Da na zare shi saiwar ta yi baƙi tana wari.

A Japan wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya ake amfani da ita, akadama, a gauraya da dutsen aman wuta. Mu ba sai mun yi odarta ba. A daddaka jan bulo ƙonanne ko fasasshen tulu, a samu ƙananan marmara, da yashin rafi mai kauri, da ɗan gawayi. A tankaɗe kowanne, a zubar da garin, a riƙe ƙwayar da ta kai girman dawa zuwa girman wake. Sai a ƙara ruɓaɓɓen taki kamar kashi ɗaya cikin huɗu, saboda iskarmu ta fi tasu bushewa. Gwajinsa shi ne in ka zuba ruwa ya fito ta ƙasa nan take, amma in ka damƙi ƙasar ka ji ta da sanyi.

Irin wannan ƙasa tana bushewa da wuri, saboda haka ban ruwa ya zama aikin kullum kamar ba dabba abinci. Ba a bin agogo, yatsa ake sawa a ji. A bazara sau biyu a rana, wani lokaci har uku in kaskon ƙarami ne. Iskar hunturu ma mayaudariya ce: gari da sanyi, amma tana tsotse laima kamar wuta. In za a ba da ruwa a ba da shi sosai har ya zubo ta ƙasa. Rijiyoyi da yawa a cikin birni ruwansu zartsi ne, kuma gishirinsa yana taruwa a kasko har ka ga fari-fari a bakinsa, ganye ya fara ƙonewa a baki. Wanda ya iya tarar ruwan sama ya ajiye, ya yi. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu kada ya kusance ta.

Sharaɗin kuka da na ambata shi ne wannan: da ta zubar da ganye bayan damina, a ɗauke mata ruwa kusan gaba ɗaya har sai an ga idanun toho sun kumbura gab da faɗuwar ruwa. Barcinta ke nan, irin wanda mapul ke yi da sanyi ita da rani take yinsa. Mai tausayin da ke ba ta ruwa a Janairu shi ke kashe ta.

Wurin ajiya kuma waje ne, ba ɗaki ba. Hotunan da ake gani na bishiya a kan tebur a falo, na ranar nuni ne. Tana son hantsi, amma daga azahar a bazara a kare ta da inuwar katanga ko rumfar zana. Wanda zai ajiye a saman bene kada ya ɗora kasko kai tsaye a kan kankare, zafin daɓen yana dafa saiwa. A sa katako ko benci. Ɗagawar tana kuma raba ta da gara, da kaji masu tono. Akuya kuwa, kowa ya san halinta: aikin shekara biyar loma uku ne a wurinta.

Taki kaɗan-kaɗan ake sawa, a lokacin da take toho. Kashin awaki ko na tumaki da ya ruɓe sosai ya isa. Mutanen Japan dusar da ta rage bayan an matse man wani iri suke dunƙulawa su ɗora a kan ƙasa, mu kuma ga tunkuza. Sai dai a sa 'yar kaɗan, domin tana kiran tururuwa da ɓera.

Waya da almakashi

Hausawa sun riga sun faɗi ƙa'idar: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana naɗa wa reshe waya a karkace, kamar yadda ake naɗa rawani, ba a matse ba, ba a sake ba, sannan a lanƙwasa shi a hankali zuwa inda ake so. Kaurin wayar ya zama kamar sulusin kaurin reshen. Ta alminiyon ta fi sauƙi ga mai koyo. Ta jan ƙarfe, irin wadda ake samu wurin masu naɗin koyil ko cikin tsofaffin kayan Ƙofar Ruwa, sai an gasa ta a wuta ta yi ja ta huce kafin ta yi laushi. Haɗarin waya shi ne mantuwa. Da damina cediya kan kumbura cikin 'yan makonni, wayar ta nutse a ɓawo ta bar tabon da zai daɗe. A riƙa dubawa, da an ga ta fara cizo a yanke ta gunduwa-gunduwa da filaya, kada a warware. Wanda ba ya son waya yana iya ɗaure reshe da zare ya ja shi ƙasa zuwa bakin mazubi, ko ya dogara da almakashi kaɗai.

Wane fasali za a ba ta? Littattafan waje za su nuna maka siffa mai tsini a sama kamar dala, wadda ta dace da itatuwan ƙasar ƙanƙara. Tsamiyarmu ba haka take ba. Fita bayan gari, hanyar Gwarzo ko ta Dawakin Kudu, ka tsaya a gindin tsohuwar tsamiya ka dube ta da kyau: gajeren gindi mai kauri, manyan rassa uku ko huɗu da suka rabu tun ƙasa, kai mai faɗi kamar an kife ƙwarya, ƙananan rassa suna sunkuyowa. Wannan za ka kwaikwaya. Ka cire reshen da ya ratsa wani, da wanda ya miƙe tsaye cak a tsakiya, da wanda ya nufo idon mai kallo. Ka bar sarari tsakanin rassa yadda iska da haske za su ratsa.

Bayan shekara huɗu ko biyar, in gindi da manyan rassa sun zauna, sai a koma kasko. Masu ginin tukwane za su iya yin mai faɗi marar zurfi in an yi musu kwatance, da manyan ƙofofi biyu a ƙasa da 'yan ƙafafu. Faɗinsa ya kai kamar kashi biyu cikin uku na tsawon bishiyar. Daga nan duk shekara biyu, cediya ma kusan duk shekara, a zare ta da farkon damina, a tsefe saiwar da tsinke, a rage abin da bai wuce sulusi ba, a sabunta ƙasa, a ɗaure gindin da waya ta ƙofofin don kada iska ta girgiza shi. Sai ta yi mako biyu a inuwa, kuma ban da taki sai bayan wata guda.

Ba zan ce bishiyar kasko za ta maye gurbin durumin ƙofar gida ba. Ba ta da inuwar da za a shimfiɗa tabarma, ba za ta rage zafin lungu ba. Kano na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa a Nijeriya, kuma abin da birnin ke bukata shi ne manyan itatuwa a makarantu da masallatai da maƙabartu da bakin tituna. Amma yaron da ya tashi a gidan da babu ko taku biyar na ƙasa, in ya ga ƙwayar tsamiya ta fasa ta fito a hannunsa, ya san lokacin tohonta da lokacin hutunta, da wuya ya girma ya ɗora gatari a kan babbarta ba dalili. Kuma cikin tsiro goma da aka shuka, biyu ko uku ne za su dace da kasko.

Don haka in an jiƙa tsamiyar kunu a gidanku, a tsame 'ya'yan a shanya a inuwa, a adana su har ruwa ya sauka a Yuni. A shuka goma. Waɗanda suka yi fasali a rene su a kasko, sauran kuma a kai su makarantar unguwa ko harabar masallaci a dasa a ƙasa, a kewaye su da ƙaya saboda awaki.